Hoton da Tuyen Ya Rataya a Shagon Goggonsa

Shekara talatin da ɗaya Luom tana sayar da taliyar kao lau a zauren gidansu da ke bayan kasuwar Hoi An, kuma ba ta taɓa damuwa da abin da baƙi ke faɗa da harshensu ba. In sun suɗe kwano, ta gane. In sun tsame ganye sun ajiye gefe, nan ma ta gane, ta kuma harare su.

Tuyen, ɗan ƙaninta, shi ya fara kawo mata su rukuni-rukuni. Ya yi karatu a Da Nang, ya dawo da Turanci a baki da 'yar tuta ja da yake ɗagawa, baƙi na bin sa kamar agwagi. Watansa na farko ya cire hoton mahaifiyarta, marigayiya Nhan, daga bangon zaure ya kai ɗaki, wai hayaƙi na ɓata shi. A gurbinsa ya rataya hoton wata mace fara sol, da rigar mutanen Japan da tsinke a gashi.

"Ado ne kawai, Goggo, kada bangon ya zauna haka," in ji shi.

Kullum da hantsi sai ya jera baƙinsa gaban hoton ya yi ta zuba, su kuma suna gyaɗa kai. Luom tana can tana yanka naman alade, tana tsoma taliya a ruwan zafi, ba ta bi ta kansu ba.

Ran wata Alhamis, cikin baƙin akwai wata dattijuwa mai furfura. Takalmanta na 'yan waje ne, amma yadda ta riƙe tsinken cin abinci na 'yar gida ne. Sunanta Diep, a nan bakin kogi aka haife ta, bayan yaƙi ta bi kwalekwale ta fita, yanzu tana Ostareliya. Da ta cinye sai ta zo bakin murhu.

"Yaya, hannunki da daɗi. Ashe ku jinin Japan ne? Ina yarinya nakan wuce ta ƙofar nan, ban taɓa ji ba."

Luom ta ajiye wuƙa. "Jinin wa?"

"Yaron nan ya ce waccan ta jikin bango kakar kakanninku ce, matar wani attajirin Japan. Wai ita ta kawo sirrin taliyar nan shekara ɗari huɗu da suka wuce, kuna gadonsa uwa ta ba 'ya."

Luom ta waiwaya ta dubi hoton. Wata takwas ke nan ana tsayawa a zauren uwarta ana ba ta wata uwar, ita kuma tana gefe tana murmushi kamar sakara. Ta goge hannu a zane, ta ratsa tsakanin kujeru.

"Tuyen! Zo nan, ɗan banza. Wace ce wannan?"

Ya yi wa baƙi dariyar yaƙe, ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Goggo, don Allah, in sun tafi."

"Yanzu nake so. Mene ne sunanta? Ai kakarka ce. A ina aka binne ta, in kai mata turare?"

"A shagon tsofaffin kaya na saye shi. Goggo, kowa haka yake yi. Mutanen nan hutu suka zo, labari mai daɗi suke so."

"Labarin uwata ne ba daɗi?"

"Ban ce ba. Amma wa zai tsallako teku don ya ji labarin yunwa da rogo?"

Da ba don idon mutane ba da ta kwaɗa masa ludayin da ke kusa. Ta juya wajen Diep.

"Ƙanwata, kina jin harshensu. Duk abin da na faɗa ki faɗa musu, kada ki sa masa sukari."

Ta ja baƙin tsakar gida, mutum goma sha ɗaya, wasu da kwano a hannu. Ta buga tafin hannu a bakin rijiya.

"Wannan mutanen Cham suka haƙa ta, tun kakanninmu ba su sauko daga arewa ba. Ba mu san sunan wanda ya haƙa ba, kuma ba mu ƙirƙiro masa ba. Da ruwanta nake jiƙa shinkafa da toka, shi ya sa taliyar take da tauri a haƙori. Ku ɗaga kai. Waɗancan azarori kakana ya ɗora su, mutumin Fujian ne, magani yake sayarwa, kuma mashayi ne, a rubuta haka. Daɓen da kuke takawa na zamanin Faransawa ne. Ramin nan na jikin ƙofa harsashi ne, ranar da aka tafi da babana, bai dawo ba."

Diep tana fassarawa. Wani mai jan gemu ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, Luom ta nuna shi da yatsa, ya sauke.

"Uwata Nhan ta koyi taliya wajen surukarta. Bayan yaƙi shinkafa ta yi wuya, sai ta riƙa haɗawa da garin rogo, ta yi ta gwadawa har ta ciwu. Ba nama, sai ta soya ɓawon taliya ya yi ƙaras-ƙaras ta barbaɗa a sama. Da wannan ta raini yara biyar, har da uban wannan mai tutar. Shekarar babbar ambaliya kwana uku muka yi a kan rufi, ruwa na janyewa ta sauko ta yashe rijiyar nan da hannunta. Kafaɗarta ta dama ta yi kanta saboda sandar ɗaukar ruwa, har ta mutu ba ta iya kwanciya ta wannan gefen. Ita ce aka kai ɗaki, wai hayaƙi!"

Wata budurwa ta share ido, wasu biyu suna duba agogo. Tuyen ya tsaya jikin bango, tutarsa na kallon ƙasa.

Luom ta koma zaure, ta hau kujera, ta sauke hoton ta danna masa a ƙirji.

"Ungo kakarka. Ka kai ta inda za a ciyar da ita. Kuma kada ka sake kawo min kowa."

Da la'asar ƙaninta Phuoc, uban Tuyen, ya zo a kan babur, ya zauna yana murza hula.

"Yaya, yaro ne. Kin kunyata shi gaban mutane, masu kamfanin yawon buɗe idon da yake wa aiki sun kira shi."

"Ka sani?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Phuoc, tambayarka nake. Ka san abin da yake faɗa?"

"Na sani. Na ga ciniki ya buɗe miki, na ce mene ne a ciki."

Wannan ya fi mata ciwo. Tuyen bai ga shekarun yunwa ba, amma Phuoc ita ta goya shi a layin karɓar shinkafa, yana kuka yana cizon kafaɗarta.

"Tashi ka bar min gida," ta ce. "Kai da ka ci rogon ne ka fi shi laifi."

Baƙi suka ɗauke ƙafa. Tuyen ya koma kai su wani shago kusa da gada, aka bar Luom da masu keken ɗaukar fasinja da matan kasuwar kifi, waɗanda dama su ne masu cin taliyarta tun asali. In wani ya tambaye ta ina turawanta, sai ta ce ya ci abincinsa ya rufe baki.

Wata biyu ba ta yi magana da uba ko ɗa ba. Ranar da aka cika shekara tara da rasuwar Nhan, dangi suka taru kamar kowace shekara, aka jera abinci a teburin da ake kunna wa kakanni turare. Phuoc da Tuyen suka iso a makare, suka tsaya bakin ƙofa da kwandon 'ya'yan itace. Matar babban wansu ta zunguri Luom.

"Haba Luom, yau ma?"

Luom ta zaro tsinken turare uku ta miƙa wa Tuyen ba tare da ta kalle shi ba. Ya kunna, ya durƙusa, yana motsa leɓe.

"Ban ji ba," ta ce. "Kai da kake cika zaure da murya. Kira sunanta."

"Kaka Nhan," ya ce, da ƙarfi, har yaran da ke tsakar gida suka leƙo. "Ni ne Tuyen, ɗan Phuoc. Ki yi haƙuri."

Luom ta shige madafa, ta jima tana buga tukwane. Da aka zo rabon abinci ta dangwarar wa Tuyen da kwano, romo ya fantsama a rigarsa. Phuoc kuwa ta tsallake shi, sai da wata 'yar Luom ta tashi ta zuba masa.