Jan Hatimi a Kan Bizar Mama

Jaka ɗaya. Riguna biyu, maganin gwiwa kwalba shida, sandar ƙarfe mai naɗewa, da waya. Tikitinmu na komawa Adelaide, birnin ƙasar waje da nake zaune, yana cikin wayar, bizar Mama ma haka. Na taɓa aljihuna ya fi sau goma tsakanin filin jirgin Xiamen da garinmu Putian.

Mama shekararta saba'in da huɗu, ita kaɗai a gida. Bara ta faɗi a banɗaki, ta wuni a ƙasa kafin maƙwabta su ji muryarta. Na daɗe ina roƙon ta koma wurina. Bayan faɗuwar ta yarda, da sharaɗi ɗaya: sai an kai wa Baba takardar shiga.

Lokacin da na tafi karatu, shekara goma sha tara ke nan, bizata liƙe take a fasfo, ga jan hatimin fita a gefenta. Baba ya nemi tasa sau biyu don ya zo ya gan ni, aka hana shi. Ya rasu ina rubuta jarrabawa. A ranar da aka binne shi Mama ta ƙona masa kwafin shafin nan nawa, don abin da aka ƙona a kabari shi ke isa hannun mamaci. Ta ce aƙalla ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Yanzu so take ta ƙona masa tata, ya bi ta a baya.

Ta ajiye mini taliya da jatan lande, ta ce in nuna mata bizar. Na miƙa wayar. Ta duba gaba, ta juya bayanta.

"Wayar zan ƙona masa?"

Na yi mata bayani: an daina liƙa komai, na'urar filin jirgi ta riga ta san sunanta. Ta tambaye ni wa zai gaya wa na'urar cewa tsohon nan yana tafe. Na je shagon Lao Zou aka buga mini saƙon bizar a takarda. Farar takarda ce, layuka na Turanci da lamba. Ta ɗaga ta saitin taga.

"A-Kun, ko rasit ɗin taki yana da hatimi. Duk karatun nan naka, takardar ƙunshe gyaɗa ka kawo mini?"

Kwana huɗu suka rage. Ban iya jayayya da ita ba tun ina yaro, kuma can na koyi warware matsala ta hanya mafi gajarta. A aljihun teburin Baba na samu hatiminsa na dutse, bai fi babban yatsa ba. Rubutun jikinsa irin na dā ne, ni kaina ban iya karanta shi ba, Mama kuwa ba ta taɓa shiga aji ba. Jar tawadarsa ta bushe, na jiƙa ta da ɗigon shayi, na danna a ƙasan takardar. Washegari na ce zan je ofis a birni. Na zauna a gidan shayi har rana ta raba, na dawo na ce sun buga.

Ta karɓa. Ta sa takardar cikin kwando tare da lemo, giyar shinkafa da turare.

Kabarin yana gefen tudu. Ta hau da sabuwar sandar, tana hutawa duk bayan taku goma, ta ƙi in riƙe ta. Ta share ganye, ta zuba giya a ƙananan kofuna uku, sannan ta fito da takardar ta daɗe tana kallonta. Ta ɗora yatsa a kusurwar jan hatimin.

"Ashe na ofishinsu ma ya gutsure ta gefen hagu."

Sai a nan na tuna. Shekarun da Baba yake aikin jirgin ruwa, ita ke ɗaukar hatimin nan zuwa gidan waya ta karɓo saƙonsa. Ita ta yar da shi a bakin rijiya har ya gutsure. Ba ta karatu, amma babu wanda ya san fuskar dutsen nan kamarta.

Ta kunna ashana. Da takardar ta kama, ta gaya wa Baba cewa ɗansa ya ce shi Baban da kansa ya ba kansa izini, tunda hatiminsa ne a kai, in yana ganin za su yarda a can, to. Ta jira har toka ta kwanta, muka sauko.

Da na faɗa mata gaskiya tun farko, cewa takarda ta ƙare a duniyar da nake zaune, wataƙila da ta samo wata hanya. Mace ce da ta saba samo hanya. Ban tambaye ta ba. Kwana biyun da suka rage ta yi su tana dafa mini abinci, ni kuma ina gyara famfon banɗaki, na kafa mata ƙarfen riƙewa a bango.

Ranar tafiya tasi ta tsaya a ƙofa da hantsi. Akwatinta yana kan kabad, babu komai a ciki. Ta cusa mini busassun 'ya'yan itace a jaka, ta rako ni har bakin zaure. Na ce bizar tana nan da ranta, tikiti ma ana iya ɗaga shi. Ta ce sandar tana da kyau, ta gode.

"Sau biyu suka mayar da babanka da ransa. Ba zan kai shi a yi na uku a gabana ba."

Direba ya danna oda. Ta koma ciki ta tura ƙofa, na ji sakata ta shiga. Daga bayan katakon ta ce, "Je ka, kada jirgi ya bar ka. Ni ina nan inda yake."