Dutsen Gagara-Rami da Farantan Surukarsa

Ranar da ramin ma'adinai ya rufta, mutum ɗaya ne ya fito da ƙafarsa yana tambayar ko akwai shayi, shi ne tsohon da ake kira Gagara-Rami. Bai taɓa zama a aji ba, kuma bai ga abin da hakan ya rage masa ba. Ya fito da hannu a dunƙule, a ciki akwai wani baƙin dutse da bai kai kan babban yatsa ba, amma nauyinsa sai ka rantse kan guduma ne. Masana sun ce masa ƙarfe ne da iska ta kama, dangin tsatsa ke nan. Ya ce ya ji, amma tasa tsatsar ta gidan sarauta ce: ba ta zama sai cikin jijiyar farin dutse, can ƙasa, kuma sai a haƙe dutse guda ba a ga ƙwaya ba.

Da tsufa ya zo, ɗansa ya ɗauko iyayen nasa biyu, tsoho da tsohuwa, zuwa gidan sama. Dutsen na cikin gwangwani a bakin taga, kusa da buhun baƙar tsakuwa da matar ɗan ta sayo don tukwanen furanninta. Wata safiya tana shara ta buɗe gwangwanin, ta ga tsakuwa ɗaya ta ɓace hanya, ta mayar da ita cikin 'yan uwanta.

Tsoho bai yi faɗa ba, irinsu ba sa faɗa. Zama ya yi a baranda ya ƙi abinci, yana kallon sama kamar wanda ake jira a can. Surukar ta durƙusa tana ba shi haƙuri har da hawaye, ta tambayi yadda za a gane shi. Ya ce maganaɗisu ba ya jansa, kuma in aka goga shi a tangaran marar ƙyalli, zane yake bari ja-ja mai ruwan ƙasa, sauran tsakuwa kuwa toka-toka ko ba komai. Tangaran marar ƙyalli a gidan nan wuri ɗaya yake: gindin farantan da take ajiye a kabad, waɗanda ko mijinta ba ya taɓawa. Ta ciji leɓe ta miƙo makulli.

A faranti na farko ya same shi. Hannun da ya yi shekaru cikin rami ba ya ɓata lokaci. Amma da ya ɗago ya ga shayi ga madara, ga surukar zaune tana sauraron labarin ruftawa, wanda da can da ya fara take tuna ta bar tukunya a wuta, sai ya goge zanen da yawu, ya zura dutsen a aljihu, ya ce wannan ma ba shi ba ne.

Haka aka yi ta yi. Kullum sabon faranti, kullum ramin da ke cikin labarin na ƙara zurfi. Ɗan ma ya fara dawowa da wuri yana tsintar tsakuwa. Tsohuwa dai tana gefe tana gyaran wake, tana kallonsa ta gefen ido.

Da farantai suka ƙare, surukar ta ce gobe za ta kwashe buhun gaba ɗaya ta kai wa masu gwajin duwatsu a duba da na'ura. Tsoho ya ga in aka je ba a samu ba, aljihunsa za a fara kallo. Sai ya faki ido ya jefa dutsen cikin tulin tsakuwar da aka zazzage a baranda, daidai inda zai sa hannu ya ciro a gaban kowa. Yana juyawa ya kira su, surukar ta zo da tsintsiya ta tattara tulin wuri ɗaya don ya ji daɗin zama.

Nan gumi na gaske ya karyo masa. Ya tona, ya auna a tafi, ya goga a kan tsoffin zane-zane har gindin farantin ya zama baƙi. Shayi ya huce bai sha ba, labari ya tsaya cak. Bayan la'asar ɗan da matarsa suka gaji suka shige ciki.

Sai tsohuwa ta matso, ta kwance bakin zanenta ta nuna masa dutsen. Tun da tsintsiya ta wuce ta ji ƙararsa daban a kan siminti ta tsince shi.

"Maigida, ko dai ka wanke wa yarinyar nan farantanta tas, ko in gaya mata launin zanen da ka lashe."

"Gogewa na yi, ban lasa ba."

"To, sai in faɗa mata hakan."

Da surukar ta fito ta tarar da shi a bakin famfo, hannun riga a naɗe, yana dirzar gindin faranti da soso, dutsen kuma na cikin gwangwaninsa. Ta ce don Allah Baba ya bari, ya ce a'a, aikin tangaran sai wanda ya san dutse. Ya ƙara da cewa tsohuwa ce ta gano shi, amma kowa ya san wanda ya koya mata.