Igiyar Ƙasa

"Yaya, yau ta sama zan shiga."

Namtan ta faɗi haka ne ƙasa-ƙasa, Saowalak na shafa mata man zafi a kafaɗa a bayan rumfar mai gasa kaji. Hannun Saowalak ya tsaya cak.

"Ke, ba na son wasan banza."

"Wa ya ce miki wasa nake?"

Kowa a ƙauyen ya san ƙa'idar. Namiji ta saman igiyoyi yake tsallakawa ya shiga dandalin dambe, don kansa da layunsa ba sa bi ta ƙarƙashin komai. Mace kuwa ta ƙarƙashin igiyar ƙasa take rarrafawa, wai kada ta karya asirin wurin. In Namtan ta kuskura ta tsallaka, a take za a soke wasanta, kuma Khru Bunlert, wato Malam Bunlert, tsohon da ya horar da ita tun tana 'yar mitsitsiya, dole ya kore ta. Ita kuwa ban da gidan koyon damben nan ba ta da inda za ta sa kanta.

Abin da ya fi cin ran Saowalak shi ne ita ta jawo. Daga jami'a ta zo tun farkon damina, tana binciken digirinta na uku a kan mata 'yan dambe. Aikinta zama da kallo da tambaya, ban da tsoma baki. Haka malamanta suka ja mata kunne. To ran nan suna cin shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda, sai ta jefa tambayar da take ganin ba komai ba ce: "Ya kike ji in kina rarrafawa ta ƙasa?" Namtan ta yi dariya, ta ce ba ta taɓa jin komai ba. Ashe maganar ta zauna mata a rai.

"Ki rufa min asiri, Namtan. Ba haka nake nufi ba."

"To me kike nufi? Kin tambaya, ga amsa zan ba ki. Ki ɗauka a wayarki, manyan jami'a su tafa miki."

Maganar ta soke ta, don da gaskiya a ciki. Can ƙasan zuciyarta akwai mai murna, mai cewa ga babin da zai ɗaga aikinta. Ta ji kunyar kanta ƙwarai.

Masu busa da ganguna suka ɗauka. Ranar la'asar na dukan harabar gidan ibada, jama'ar biki sun yi cincirindo. Abokiyar karawar Namtan ta riga ta rarrafa ta shiga. Saowalak na biye da Namtan da bokitin ruwa. In ta yi shiru, yarinya ta rasa gida. In ta faɗa, ta ci amanarta, ta kuma karya dokar aikinta. A gindin matakala ta kasa daurewa, ta matsa kusa da tsohon.

"Khru, ta sama za ta bi. Ni na jawo."

Bai ko kalle ta ba. "Tun da kika zo min gida da tambayoyinki, yarinyar nan ba ta cin abincin kirki. Kina tsammani makaho ne ni?"

Namtan ta hau. Ta ɗora safofin hannunta a kan igiyar sama. Hayaniya ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya, har mai busa ya sauke abin busarsa. Alƙalin wasa ya haɗe fuska.

"Ke 'yar Bunlert, idonki ya mutu ne?" wani ya ƙwala daga cikin taro. "Ƙofarku tana ƙasa!"

Namtan ta ɗaga ƙafa.

"Dakata," in ji Khru.

Ya cire layun wuyansa, waɗanda mace ba ta taɓa taɓawa ba, ya danƙa wa Saowalak a hannu. Ya hau matakalar da ɗingishinsa. Sai ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya cusa kansa mai furfura ƙarƙashin igiyar ƙasa, ya ja ciki ya shiga, a gaban tsofaffin abokan hamayyarsa da duk yaran da ya horar. Wani ya yi tsaki, wani ya kau da kai. Daga ciki ya ɗaga igiyar da kafaɗarsa.

"Taho, 'yata. Daga yau nan ce ƙofar gidanmu."

Namtan ta daɗe tana kallonsa, ƙafarta a sama. Sannan ta sauke ta, ta goge ido da bayan safa, ta sunkuya ta bi shi.

Wayar Saowalak na aljihu. Hannu ɗaya bokiti, ɗaya layu, ba ta ɗauki hoton komai ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa, tsohon ya fito ta inda ya shiga, ƙura a haɓarsa. Ya karɓi layunsa, bai mayar wuya ba.

"Malamar jami'a," ya ce, idonsa na kan Namtan, "tambayar nan taki, gobe ki zo ki yi mini. Yanzu ina da amsa."