Kunnen Baba na Dama

Na bar 'yata Kerttu tana barci a kekenta na jarirai a bakin ƙofar zauren taro na garin Orivesi, cikin rigar ulu da bargo biyu, kamar yadda ake yi a ƙasarmu, na shiga da flas na kofi da burodin kirfa. Ƙarfe uku na yamma ne, amma duhun Nuwamba ya fara sauka. Kwana huɗu ke nan ba ni da barcin kirki, 'yar tana fitar da haƙori.

Mutum uku ne suka rage a ƙungiyar makaɗa ta Routajuna: mahaifina Aulis a kan ganguna, Kawu Raimo da babbar jita, sai Kawu Untamo a piyano. Shekara talatin da ɗaya rabonsu da hawa dandali. Wani kamfani ya sake buga faifansu na 1974, samari suka yi ta saye, shi ne aka gayyace su wasa a garuruwa tara.

Na same su yadda suka saba tun ba a haife ni ba, kowa ya juya wa kowa baya. Ba sa kallon juna, ba sa ƙirga bugu. A tsakiyar babban kiɗansu, mai minti goma sha takwas, akwai inda komai ke ɗaukewa. Sai Kawu Raimo ya ja numfashi ta hanci, kowa ya ji, su faɗo cikin kiɗan tare. Da wannan aka san su.

Abin da su Kawu ba su sani ba, kunnen Baba na hagu ya mutu tun bara. Ni na kai shi asibiti a Tampere. Likita ta ce na daman ma saura ƙiris, in ya ci gaba da zama cikin ƙarar ganguna babu kariya, kafin bazara zai bi ɗan'uwansa.

Da suka tsaya shan kofi, na ciro marufin kunne daga jakar Kerttu, ruwan ɗorawa, irin na masu yankan katako, na ajiye a kan gangarsa.

"Mene ne wannan, Vilja?"

"Ka sani, Baba."

Kawu Untamo ya tuntsire da dariya. "Aulis, daji za ka shiga sare itace? Dama kiɗan naka bai fi haka ba."

"Rufe mana baki, mai yatsun tsiran alade," in ji Baba. Ya ture abin gefe, ya rage murya. "Ba a nan ba, 'yar nan."

Na gaji da jiran inda ya dace. Na ce, "Kawu, kunnensa ɗaya ba ya ji. Ɗayan ma likita ta ce yana hanya."

Kawu Raimo ya daɗe yana juya cokali a kofinsa.

"Tun yaushe?"

"Bara," in ji Baba, idonsa a ƙasa.

Kawu Raimo ya ce, "Shi ya sa ka matso da gangunanka kusa da ni. Ni kuwa na ɗauka sona kake yi."

"In na sa wannan abin ba zan ji numfashinka ba," Baba ya ce. "In ban ji ba, babu kiɗan. Mutane sun jira shi shekara talatin."

"Kerttu ta fara cewa 'kaka' ranar Talata," na ce. "Sau uku ta faɗa, kana zaune kusa da ita, sai dai ta hagunka take. Ban gaya maka ba. Ba zan yi ta fassara maka jikarka a takarda ba, Baba, aikin da ke kaina ya ishe ni."

Kawu Raimo ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ja kujerarsa ya juyo da ita ta fuskanci ganguna.

"In na ja numfashi kafaɗata tana ɗagawa. Matata ta shekara arba'in tana yi mini gorin haka. Sai ka kalla."

"Routajuna ba ta kallon juna," in ji Kawu Untamo.

Kawu Raimo ya ce, "Routajuna ba ta da haƙoran roba ma a da. Juya piyanon nan, tsoho."

Ni da Kawu Raimo muka tura shi. Baba ya ɗauki marufin, ya jujjuya shi, ya sa. Ya ɗaga kai ya dubi abokinsa.

"Kai, Raimo!" ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa. "Ashe haka ka tsufa?"

Suka fara. Da aka zo wurin shirun, kafaɗa ta ɗaga, Baba ya makara da rabin bugu. Suka sake, ya sake makara. A na biyar suka faɗo tare, amma ko ni na ji ba kamar na faifai ba ne. Su ma sun ji. Baba dai bai cire abin ba.

Kukan Kerttu ya taso daga waje. Kafin in fita na ciro alƙalamin da nake rubuta sunanta a kayan gidan reno, na rubuta AULIS a kan marufin, gefe biyu, yana zaune kamar yaro.

Na ɗauko ta, kumatunta jajur da sanyi. Na zagaya bayan ganguna, na ɗaga masa marufin daga kunnen da ke ji, na zaunar da ita a cinyarsa ta dama.