Dawuda a Ɗakin Wankin Ƙoda

A Kankia kowa ya san Dawuda da farar riga. Shekara biyu kacal ya yi yana miƙa magani a wani ɗan asibiti kafin a sallame shi, amma bai ajiye rigar ba, kuma in ba a ce masa Likita ba sai ya yi kamar bai ji ba.

A 1982 ƙodar Sada, ɗan wan babansa, ta lalace. Sada mutumin Kusada ne, dillalin gyaɗa da ya koma kwangilar gini lokacin da arzikin mai ya buɗe. Ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ragu, jini ya hau har ya fara gani dishi-dishi. Aka ce sai Legas, inda aka kawo injin wankin ƙoda. Yayarsa Zinariya, wadda ta rene shi, ta ce ita za ta yi jinya. Daga ita har Sada ba mai jin Turanci, don haka Dawuda ya naɗa kansa tafinta, ba wanda ya roƙe shi.

Likitar da suka tarar mace ce, matashiya. Dawuda ya dube ta sama da ƙasa ya taɓe baki. Ta daɗe tana bayani, har da zane a takarda, shi kuwa yana gyaɗa kai yana kallon agogonsa.

"Mi ta ce?" in ji Zinariya.

"Ta ce a rage gishiri."

"Duk maganar nan gishiri ce?"

"Sauran surutun 'yan makaranta ne, Yaya. Ni na san shi tun ba a haife ta ba."

Ranar wanki na biyu da safe, Dawuda ya ga an tsallake ƙwayar hawan jinin Sada. Ya yi tsaki, ya ce ma'aikatan nan ba su san aikinsu ba, ya zaro biyu daga aljihu ya ba shi. Aka ɗora Sada a kan inji. Ba a yi awa ɗaya ba gumi ya karyo masa, ya yi hamma, idanunsa suka juye. Ma'aikata suka rugo, aka ɗaga ƙafafunsa, aka tsayar da jan ruwa, aka ɗura masa wani ta jijiya. Zinariya na tsaye tana salati. Dawuda ya sulale waje, wai zai sha iska.

Da Sada ya farfaɗo, likitar ta aika aka kira wata nas mai suna Hawwa, wadda ta tashi a Funtua.

"Inna, ga abin da aka gaya muku tun ranar farko," in ji Hawwa. "Injin nan yana janye ruwa daga jini. In ruwan ya ragu, ƙoda da sauran jiki sukan saki wasu sinadarai cikin jinin, su matse jijiyoyi don kada ƙarfinsa ya faɗi. Ƙwayar hawan jini kuwa waɗannan sinadaran take daƙilewa. Shi ya sa aka ce kada ya sha ta ranar wanki sai an gama. Ya sha wani abu yau?"

Zinariya ta miƙe. Ta fita ta samu Dawuda a gindin bishiya yana ɓare lemo.

"Mi ka ba shi?"

"Maganinsa na ba shi. Injinsu ne ke da matsala. A Kankia da hannuna na..."

"A Kankia cokali kake wankewa. Turancin ma ba ka ji ba, ko? Ka ji gishiri ka kama, sauran ya wuce ka, ka kasa cewa ban gane ba."

"Yaya, a gaban mutane?"

"Su ji. Da dai na taho da kurma, shi ko ba komai ba zai ƙirƙiro ba."

Washegari ta sa aka kai Dawuda tashar jirgin ƙasa. Ta roƙi Hawwa ta riƙa tsaya musu, kuma kafin wata guda Zinariya da kanta take tambayar nawa awon jinin ya nuna kafin wanki da bayansa.

Sada ya yi wata takwas a kan injin, sannan zuciyarsa ta gaza. Aka kawo gawarsa Kusada. Ranar uku, Dawuda ya zauna a zaure cikin masu ta'aziyya yana faɗa da ƙarfi cewa da an bar jinyar a hannunsa da Sada na nan da ransa. Zinariya ta jiyo shi daga tsakar gida. Matan da ke tare da ita suka zuba mata ido.

"Ku kai mashi fura," ta ce. "In bakin ya cika ma huta."