Kazar Ɗorin Roda

Barci ne ya ɓata wa Roda suna a Gude, ba sata ba, ba gulma ba. Mace mai shekara hamsin da 'yan kai, da rana tsaka sai a tarar da ita ta jingina da fartanya a tsakiyar kunya, baki buɗe. A coci ma kafin fasto ya gama karatun farko kanta ya riga ya sauka a kafaɗar ta kusa da ita. Mutanenmu kuwa kun san halinsu, ciwon da ba ya jini, ba ya kumburi, ba ciwo ba ne a wurinsu. Raguwa ce kawai, in ji su.

Alhali likita ya gaya mata gaskiyar abin tun da daɗewa a cikin Mubi. Ya ce wani ɗan abu ne a maƙogwaro, tayirod, ya rage aiki, shi ne yake kashe mata jiki yana sa ta jin sanyi. Ya rubuta mata wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya fara, kullum da safe kafin ta ci komai, kuma ta riƙa zuwa gwajin jini.

"Mama, ɗaya na ce," in ji shi. "Kar ki ƙara da kanki. In ya yi yawa, ƙashi yake ci."

Sai ga shekarar gudu, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Mubi kowa ya kama dutse. Da aka dawo, mijinta Ezekiya bai dawo ba, likitan ma haka. Ɗanta Tizhe yana can Legas yana gadi. Abin da ya rage mata a duniya shi ne gonar gyaɗa guda, da gayyar mata.

Su goma sha biyu ne, yawancinsu gwauraye, suna yi wa juna noma bi da bi, Eva ce shugaba. Dokarsu ɗaya ce: wadda ta yi fashi sau uku ba da ciwon da ido ya gani ba, an cire ta, gonarta ta zama ta ciyawa. Roda ta yi biyu tun a daminar farko. Ba ƙi ta yi ba, Allah ya sani. Zama ta yi tana jiran kunu ya huce, sai ta farka rana ta take tsaka.

"Maman Tizhe," in ji Eva, "ni ƙawarki ce, amma bakin mata ya fi ƙarfina. Saura ɗaya."

Washegari Roda ta haɗiye ƙwaya biyu. Bayan wata guda ta koma uku, ba gwaji ba komai, daga kemis ɗin unguwar Lokuwa a Mubi sai ciki. Kai, sai ga Roda ta zama wata! Ita ce farkon isa gona, ita ce ta ƙarshen ajiye fartanya. Zuciyarta tana bugawa kamar ana daka, hannu yana rawa, ta rame har zani ba ya zama a ƙugu, amma mata suna ta cewa, "Ashe dama kina iyawa!" Wannan yabon ya fi zagin yi mata ciwo. Maganar likita tana nan a ranta, ba ta manta ba, sai dai ƙashi ba ya magana, Eva kuwa tana yi.

Damina biyu ta yi a haka. A ta uku, suna dawowa daga gonar wata, ta zo tsallake wani ɗan mayo, wato rafi, da ko yaro ba zai naɗe wando dominsa ba. Ba faɗuwa ta yi ba tukuna, ƙafar ce ta ce ƙas, sannan ta faɗi.

Aka kira Jatau mai ɗori. Ya lalluba ƙaurin, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, wannan ƙashi naki kamar karan da gara ta ci."

Ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. Sannan ya ce a kamo kaza, don haka yake aikinsa tun daga kakansa. Aka kamo 'yar jar kazar Roda, ita kaɗai gare ta, ya karya mata ƙafa a gaban kowa, ya ɗora ta yadda ya ɗora mai ita. Roda da ba ta yi kuka don tata ƙafar ba, sai da ta yi wa kazar hawaye.

"Ranar da ta taka, ke ma kin taka," in ji Jatau.

Mata sun kyauta, gaskiya a faɗe ta. Sun yi mata noman farko ba wanda ya yi gunaguni, tunda wannan karon ido ya gani. Ita kuwa tsoro ya sa ta koma ƙwaya ɗaya, barcin ya dawo da ƙarfinsa. Duk wadda ta zo dubiya da rana sai ta same ta tana munshari a tabarma, ta fita tana taɓe baki. Sati uku da karayar, Eva ta zauna a bakin ƙofa ta faɗa mata abin da ake ciki.

"An fara cewa kin samu wurin kwanciya. Jibi gonar Adi za mu. In kaza ta tashi ke ba ki tashi ba, na uku ke nan, maimai ɗinki, noma na biyu, kuma ba mai zuwa. Gobe da yamma zan leƙo."

Gyaɗar da ba a yi wa maimai ba, kowa ya san ba gyaɗa ba ce.

Washegari wajen azahar Roda ta farka daga barcinta, ta ji ana tono a tsakar gida. Kazar ce. Ta tsattsage tsumman ɗorin da baki, tana takawa da ƙafa biyu, har da 'yar rangwaɗa. Murna ta kama Roda, ta ce, "Na gode Yesu!" Ta dafa bango, ta miƙe a kan lafiyayyiyar ƙafar, ta ajiye ɗayar a hankali.

Ina! Zafin ya harba har ƙwaƙwalwarta, ta ji ƙashin yana motsi a cikin karan, bai kama ba ko kaɗan. Ta zube a tabarma tana haki, gumi ya jiƙa ta. Ta daɗe tana kallon kazar, kazar tana ta harkarta. Inuwar bango ta fara tsawo.

Ta jawo ƙwaryar tsaki, ta watsa kusa da tabarma, ta kira ta yadda ta saba kiranta. Kazar ta zo da gudu, ta yarda da ita mana, a hannunta ta girma. Roda ta rungume ta a ƙirji, ta lalubo wurin da ya warke.

"Ki yafe mini," ta ce.

Ta runtse ido ta yi abin da Jatau ya yi, ta sake karya ƙafar kazar. Ta mayar da karan da tsumman, ta ajiye ta a gefe.

Da Eva ta shigo, ba ta dubi fuskar Roda ba, ba ta dubi kumburarriyar ƙafar ba. Kai tsaye ta nufi kazar, ta tsuguna, ta ɗan tura ta da yatsa. Kazar ta yunƙura ta kife, tana buɗe baki ba sauti.

"Ayya," in ji Eva, muryarta ta yi laushi. "Ashe da gaske ne ba ki warke ba. Kwanta abinki, Maman Tizhe, zan gaya musu na gani da idona."