Ranar da Bashar Ya Hau Rufina

Mai ɗaura dish ya hau rufin gidana ba a gaya wa maƙwabta ba. Abin da ya faru ke nan.

Sunana Ƙasimu, hatsi nake saidawa a kasuwa. Gidanmu na unguwar Ƙofar Atiku, katanga guda muke da gidan Malam Junaidu, mai karantarwa a zaure. A jikin katangar nan akwai wata 'yar ƙofa da iyayenmu maza sunka buɗe tun ba a haife ni ba, don mata su riƙa shiga wajen juna ba sai sun bi titi ba. Ta nan Hajiya Mariyatu, mahaifiyar Malam, take shigowa wajen Innata kullum da hantsi. Gidan Malam ba a aje talabijin, shi ya sa tsofaffin biyu suke zama ɗakin Inna su kalli tashar Makka har azahar, suna cin goro suna gardama kan wace ƙofa ce ta Harami anka nuna. Inna gwiwa ta hana ta fita, ko zaure ba ta iya kaiwa. Hajiya ce kaɗai ta rage mata cikin tsaranta.

To idon Inna ya fara rauni. Wata rana ta ce mani, "Ƙasimu, wanga akwati naka ya tsufa. Masu ɗawafi sun koma awa tururuwa."

Na san ba laifin akwatin ba ne duka, amma uwa ce ta yi magana. Na tafi Mabera shagon wani Bashar, na ce ina son irin hoton nan da ake ce wa HD, wanda ko zufar mutum kana gani. Ya ce talabijin ɗina zai ɗauka, sai dai a canza risiba da waya, kuma dish ɗin ba zai zauna kan ƙarfen tsakar gida ba, iccen dogon yaro ya tare shi. Sai bisa rufi. Munka aje magana zai zo gobe bayan la'asar.

Da na faɗa wa matata Hajara, sai ta ce, "Maigida, ka aika gidan Malam tun yau."

Na ce, "Ina ganin shi masallaci gobe da azahar. Ke za ki koya mani zaman unguwa?"

Kowa a cikin gari ya san ƙa'ida. In za a hau sama, ko gyaran kwano ko sarar reshe, sai an sanar da gidajen da ke kewaye, kuma mai hawa ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau sama!" kafin kansa ya wuce katanga, don mata su shige ɗaka. Ko mai gyaran wuta ya san wannan.

Bashar bai zo la'asar ba. Da hantsi na ji babur ƙofar gida, wai an kira shi aiki Kalambaina, gara ya gama da ni tukuna. Na ce ya dakata in leƙa wajen Malam.

Ya ce, "Haba Alhaji, minti biyu ne. Sigina kawai zan duba in sauko."

"Ka dai yi kira in za ka hau."

"Ba matsala, Alhaji."

Ashe wani abu ne toshe a kunnensa, waƙa yake ji. Ba matsalar nan da ya ce, bai ma ji mi na faɗa ba. Na riƙe masa tsani ya hau, ban ji ya yi kiran ba. Kafin in buɗe baki sai na ji salati da kururuwa daga gidan Malam, kwanoni na faɗuwa. Matar Malam da ɗiyanta mata suna tsakar gida ana kitso, kai ba ɗankwali. Shi kuma wanga bawan Allah, maimakon ya duƙa ya sauko, sai ya ɗaga na'urar auna sigina sama yana juyawa da ita, abu kamar waya. Har da ce masu, "Sannunku da aiki!"

Na daka masa tsawa ya sauko. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? A gidanku ba a gaya maka ana kira ba?"

Ya ce, "Alhaji, mu unguwarmu gidajen bene ne ko'ina, wa ke kiran wa?"

Ban mare shi ba, amma saura kaɗan. Tunda ɓarna ta riga ta auku, na tsaya ƙasa na yi kiran da kaina sau uku, ya koma ya ɗaure dish ɗin, ya haɗa waya, ya karɓi haƙƙinsa ya hau babur. Shi ke nan nasa ya ƙare.

Bayan azahar na iske Malam Junaidu a zaure. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago daga littafi ba. Na ce kuskure ne anka yi, kuma abin da ke hannun mutumin ba waya ba ce, ba hoton da ya ɗauka.

Ya ce, "Malam Ƙasimu, wa ya riƙe mashi tsani?"

Na ce ni ne.

"To."

Wannan "to" ɗin ita ta ƙona ni. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ni na ɗauki makarar mahaifinsa, buhun gero na farko duk kaka gidansa yake shiga, amma ya bar ni tsaye gaban ɗalibansa kamar wanda anka kama da akuyar sata. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Allah gafarta Malam, na dai ba da haƙuri. Amma rufin nan nawa ne, ban hau na kowa ba."

Ya rufe littafin a hankali, ya ce, "Gaskiya ne. Katangar kuma mahaifina ya gina ta."

Washegari da safe na ji ana sauke bulo. Magina biyu, kuma kafin su taka tsani sai da sunka yi kira sau uku da ƙarfi, don in ji. Sunka ƙara wa katanga layi biyar. Wannan ban ce komai ba, haƙƙinsa ne. Amma da sunka gama sama sai sunka sauko sunka cire ƙyauren 'yar ƙofar nan, sunka jera bulo a wurin, sunka shafe da siminti. Ina jin Hajiya Mariyatu daga can tana cewa, "Junaidu, ka ji tsoron Allah, Balaraba fa?" Balaraba sunan Inna ne. Magina sunka ci gaba da aikinsu.

Na aika limami, na aika mai unguwa. Malam ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba, muna gaisawa a masallaci, amma abin da anka gina an gina. Wai malami ke nan, mai karanta wa mutane haƙƙin maƙwabtaka. Tsohuwa mi ta yi masa? Ita ta hau rufi? Hajiya ba ta fita titi, shekara ashirin rabonta da ƙofar gida in ba asibiti ba. Inna kuwa ko da sanda ba ta kai zaure.

Hoto kam ya fito, ba ƙarya. Har zanen zinariyar da ke jikin rigar Ka'aba kana karantawa. Na kunna wa Inna, na ce, "Inna, dubi, yanzu har fuskokinsu ana gani."

Ta daɗe tana kallo. Goro biyu ne cikin faranti gabanta, don Hajara ta saba kawo biyu. Ta juya ta dubi wajen da siminti bai gama bushewa ba, ta ce, "Wagga Ƙofar Salama ce ko ba ita ba?"

Na ce ban sani ba, Inna.

Ta ce, "Mariyatu ta sani. Kashe shi."

Wata huɗu ke nan, ba ta sake cewa a kunna ba.